Masu Auna Hanta da Cikin Inna

Da kaka suka zo, ana tsaka da cirar gyaɗa, kowane gida ka shiga sai ka tarar da harawa jibge a kan rumfa. Fararen motoci ne suka biyo hanyar Makoda suka tsaya a ƙofar ɗan asibitinmu na sha-ka-tafi, wanda rabon da a ga ko ƙwayar ciwon kai a cikinsa har an manta. Kafin azahar an kafa rumfuna, an ɗaura wani dogon ƙyalle mai tambari kala-kala, an jera kujerun roba. Aka ce masu bincike ne, sun zo duba hantar mutane su ga ko kitse ya lulluɓe ta, su kuma ga yadda abin yake tafiya da ciwon suga da hawan jini. Aka ce aikin haɗin gwiwa ne. Akwai Turawa masu na'ura, akwai manyan likitoci daga Kano, akwai kuma 'yan ƙaramar hukuma, waɗanda nasu haɗin gwiwar bai wuce cin shinkafar ranar buɗewa ba.

Wannan magana ta haɗin gwiwa na ji ta har ta gundure ni, sai daga baya na gane amfaninta. In abu ya yi kyau, kowa da hannunsa a ciki. In kuwa ka zo da kuka, sai a ce ai ba mu kaɗai ba ne, sai an tuntuɓi abokan aiki, su kuma abokan aikin kullum suna wani gari.

Ni malamar firamare ce, kuma a lokacin ni kaɗai ce mace a ƙauyen da za ta iya haɗa Turanci har a fahimta. Don haka ni suka ɗauka. Aka koya mini yadda zan yi wa mata tambayoyi kafin a duba su, da yadda zan tsaya kusa da Baturiyar da ke riƙe da na'urar in riƙa fassara. Aka ba ni riga mai tambarinsu, na ɗora a kan hijabina, na fito kamar buhun taki. Ban damu ba. Ina da abin da nake nema a wurinsu, kuma ba rigar ba ce.

Mahaifiyata ce ba ta da lafiya. Inna mai tuyar ƙuli-ƙuli ce, tun ina jin wayo nake ganinta a bakin kasko tana matsar tunkuza. Tun farkon daminar shekarar ƙafafunta suka fara kumbura, idonta ya yi rawaya, cikinta ya yi ta tasowa kamar na mai juna biyu, ga ta kuwa ta daɗe da barin haihuwa. Hannuwanta da wuyanta sai ramewa suke yi. Mun kai ta asibitin Ɗambatta, suka ce sai an yi hoton ciki a Kano. Inna ta ce ba inda za ta, ciwon shawara ne kawai, jiƙo zai kore shi. Babanmu ya rasu, ƙannena maza suna kudu wajen neman abinci, ba mai tanƙwara ta. Sai ga na'urar hoton ciki ta zo har ƙofar gida. Kuma a ranar buɗewa, babban farfesan da ya zo daga Kano ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a cewa duk wanda suka ɗauka a binciken, in aka ga wani mugun abu a hantarsa, da motarsu za su kai shi Kano, su tsaya a kansa har a yi masa magani. Na ji wannan magana na kama ta hannu bibbiyu. Abin da nake so ke nan, Inna ta kwanta a gaban na'urar nan su ga abin da ke cinta, su ɗauke ta tun da sauran lokaci.

Yadda suke zaɓen mutane shi ne abin dariya na farko. Tef ne irin na tela, a zagaya shi a cikin mutum, in ya kai wani layi an ɗauke ka, in bai kai ba ka koma gida. A garin da yawancin mutane za ka iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, ka san su wa tef ɗin zai zaɓa. Alhazan kasuwar hatsi ne, da dillalan shanu, da ɗan kwangilar da ya rufa mana ajin da iska ta yaye tun kafin a raba jarabawa. Suka cika benci, kowa ya baje teɓarsa, ana raha. Wanda tef ya fi zagayawa shi ne gwarzon ranar. Wani da aka ce masa kitse ya rufe masa hanta, ya fito yana washe baki kamar an ba shi kujerar Makka, yana cewa ai daman ya san jikinsa ba na yunwa ba ne. Daga nan ya zarce wajen mai tsire. Na tsaya ina kallonsu cikin rigata ta buhu, ina jin kamar in tofa yawu. A ɓangaren mata ma haka, matan gidajen nan ne da 'yan matan da suka ɗirki ƙwayar ƙiba ta kemis har fuskarsu ta yi suntum. Matan da ke wuni a gona da bakin murhu kuwa suka leƙo, tef ya kore su, suka koma ɓarar gyaɗarsu.

Sai dai tef bai san bambancin kitse da ruwa ba. Ranar da aka samu aka lallaɓo Inna, wata ma'aikaciya ta zagaya mata shi a kan zane, ya wuce layin har da rara. Aka ce an ɗauke ta, ta dawo gobe da safe kada ta karya. Ranar na yi murna har na manta da jin haushin kowa.

A nan ne ya kamata in faɗi abin da kowa a garinmu ya sani. Ni ce 'yar fari a wurin Inna. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayar babanmu, a hannunta na tashi, gidanta yana kallon namu. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta ambace ni sai ta ce 'yar gidan Gwaggo. Ba ta zama da ni a tabarma ɗaya, ba ta cin abinci ina kallo, in na shiga gaishe ta sai ta amsa tana duban kasko. Mata da yawa na yanzu sun sassauta wannan kunya, wasu har goya 'ya'yan farinsu suke yi suna yawo, amma Inna ta tsohon yayi ce, ta riƙe abin gam. Ban taɓa ɗaukarsa ƙiyayya ba. Duk tuyar da ta yi, ƙulin farko mai zafi gidan Gwaggo yake zuwa a rufe cikin kwano, ba a cewa na wane ne. Ko maganar ciwon nan, ba ta taɓa haɗa ni da ita baki da baki ba. Ni in gaya wa Gwaggo, Gwaggo ta tsallaka ta gaya mata, ta dawo mini da amsa.

To ga shi ni ce mai yi wa mata tambayoyi, kuma ni ce mai tsayuwa a kansu lokacin da za su buɗe ciki. Tambayoyin kuwa na san su, na yi wa mata da yawa. Yaushe kika daina ganin al'ada, haihuwarki nawa, wane launi fitsarinki yake, yaya bayan gidanki. Ko wadda ba ta haɗa komai da ni ba sai ta sunkuyar da kai kafin ta amsa.

Da yamma na je na sami ƙaramin likitan da farfesa ya bari yana kula da aikin. Saurayi ne ɗan birni, Bahaushe kamar ni, kullum da takalmi fari ƙal a garin da ba kwalta. Ba ya iya jera magana uku bai tsoma Turanci ba. Na gaishe shi, na ce masa matar da aka ɗauka ɗazu mai kumburin ciki mahaifiyata ce, kuma ni ce 'yar farinta. Na roƙe shi ya bari Gwaggo ta shiga da ita, ni in tsaya a waje ta taga, in faɗi tambaya Gwaggo ta miƙa mata, in an zo buɗe ciki kuma in juya in bar wurin.

Ya yi 'yar dariya. "Malama, har yanzu ana wannan abin a nan? Ai na ɗauka ya mutu tun zamanin kakanninmu."

Na ce, "Likita, bai mutu ba. Ka san shi, tun da ka ce na kakanninka ne."

"Na san shi mana. Amma ƙa'ida ce, ba wanda zai shiga ɗakin sai mai na'ura da wadda aka horar. Sirrin marar lafiya ne. Ba ni na rubuta ba, da abokan aikinmu na waje aka zauna aka tsara. In za a canja ko harafi ɗaya sai an rubuta musu, su ma sai kwamitinsu ya zauna."

Sirrin marar lafiya. Matar da Gwaggo ce ta karɓi haihuwarta duka, ita ce za a ɓoye wa cikinta, a buɗe shi a gaban mutum ɗaya tak a duniya da ba za ta yarda ya gani ba. Na faɗa masa haka. Ya duba agogonsa, ya ce in kwantar da hankalina, in ta ga na'ura za ta saki jiki, ai uwa da 'ya ba kunya a tsakaninsu.

Ban haƙura ba, na je wurin Baturiyar da ɗan Turancina. Ita kam ta saurara, har ta dafa kafaɗata, ta ce abin sha'awa ne ƙwarai, ba ta taɓa jin irinsa ba. Sannan ta ce duk abin da ya shafi al'adar mutane, ɓangaren Kano ne ke da ta cewa, su nasu na'ura ne. Na koma wurin likita, ya ce ai al'ada tasu ce amma ƙa'ida ta Turawa ce. Haka suka yi ta miƙa ni kamar ƙwaryar aro, har aka kira magariba kowa ya shiga mota suka tafi masaukinsu a Ɗambatta.

Washegari Gwaggo ta rako Inna har bakin ƙofa, aka tare Gwaggo a nan. Ba a gaya wa Inna wanda za ta tarar a ciki ba. Ta shigo a hankali tana dafa bango, ta ɗaga ido ta gan ni, sai ta tsaya cak. Na ga lokacin da ta yi niyyar juyawa, amma ƙafafun ba su da saurin da. Baturiya ta nuna mata kujera da fara'a. Inna ta zauna, ta juya kujerar da kanta har sai da fuskarta ta kalli bango, ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska.

Na fara karanto tambayoyin. Ban ce Inna ba, ban ce ke ba, na riƙa jefa su a iska kamar mai shela. Ana tambaya ko akwai inda ke ciwo. Ta ce wa bango, "Lafiya lau." Ana tambaya ko ana jin kasala, ko abinci yana shiga. "Alhamdu lillahi." Matar da ta yi wata da watanni ba ta gama ludayin koko. Da na zo kan haihuwa, sai ta faɗi adadin ƙannena, ba ni a ciki. Na san haka ake yi, ba a lissafa ɗan fari. Na rubuta adadin yadda ta faɗa. Tambayar fitsari da ta al'ada kuwa ko motsi ba ta yi ba, ni ma na kasa maimaitawa.

Baturiya ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan gado, ta ɗauko robar man da ake shafawa a ciki, ta ce in gaya mata ta kwanta ta sassauta zane. Na ce da Turanci bari in fita. Ta ce ba zai yiwu ba, dole in kasance don in riƙa gaya mata lokacin da za ta ja numfashi da lokacin da za ta riƙe. Na ce to zan juya baya. Na juya, na fuskanci ƙofa, na ce, "An ce a kwanta a kwance zane."

Ban ji motsin gado ba. Abin da na ji shi ne jan takalminta a ƙasa. Ta zo ta wuce ta gefena, ba ta taɓa ni ba, ta buɗe ƙofa. A waje na ji tana ce wa Gwaggo a hankali, "Yaya, mu tafi gida. Ba a yi wannan da ni ba."

Na bi su, na roƙi Gwaggo ta tsayar da ita, na koma wurin likita a guje. Ya ce ai shi ke nan, ta ƙi, kuma ba a tilasta wa kowa. Ya faɗe shi da wata irin taƙama, kamar mai karanto abin kirkin da ya yi. Na ce a sake kiranta gobe, a nemo wata mace daga Kano ta fassara, ai motarsu kullum tana zuwa tana komawa ɗauko musu ruwan roba. Ya ce wanda ya ƙi ba a sake tuntuɓarsa, don zai zama matsin lamba, wannan ma ƙa'ida ce. Na ce to ka dube ta da idonka, kai ba likita ba ne? Ya ce ya gan ta, lalle tana bukatar asibiti, mu kai ta Kano. Amma ba a motarsu ba, tun da ba ta cikin binciken.

Na ci gaba da aikin har suka gama, don in na bari sauran matan ba su da mai fassara. Kullum ina tsaye a kan cikin matar wani alhaji ina cewa ja numfashi, riƙe, saki. Wata har sau biyu aka duba ta, don hoton farko bai fito yadda suke so ba. A kan wannan ba a bukaci kwamiti ya zauna ba.

Ranar rufewa farfesa ya dawo da babbar riga da masu ɗaukar hoto. Ya yi dogon jawabi, ya ce sirrin nasarar aikin shi ne yadda suka mutunta al'adun jama'a. Alhazai suka yi tafi, aka raba musu lemon kwalba, wanda yanzu-yanzu aka gama ce musu su rage sha. Na kutsa na same shi yana shirin shiga mota, na zayyana masa komai. Ya girgiza kai, ya ce, "Kayya, Malama, ai da an gaya mini. Ni kaina ɗan fari ne." Ya ce in kawo ta asibiti in neme shi. Bai faɗi wane ɗaki ba, gilashin motar kuma ya riga ya fara hawa.

Inna ba ta ƙara yarda an yi mata maganar asibiti ba. Ko Gwaggo ta ɗauko zancen sai ta juya mata baya. Sai da sanyi ya wuce, zafi ya shigo, ta kai ba ta iya tashi zaune balle ta yi musu, sannan ƙannena suka zo muka sa ta a bas muka tafi Kano. Can aka yi hoton, wata ma'aikaciya Bahaushiya ta shiga da ita da Gwaggo, ni ina waje, ba wanda ya ce ƙa'ida ta karye. Likitan ya ce hantar ta riga ta ƙanƙance ta taurare. Na tambaye shi da an gani tun da kaka fa? Ya ce ba zai iya rantsewa ba, amma da an zo da wuri da akwai abin da za a gwada. Na nemi farfesa, aka ce ya tafi taro ƙasar waje, kan binciken da aka yi a garinmu. Muka dawo da ita gida. Ba ta ga ruwan farko na daminar ba.

Da wata kakar ta zagayo, sai ga farar mota a ƙofar makarantarmu. Ƙaramin likita ne, ya ƙara ƙiba, ya sa aka kira ni daga aji. Ya ce aiki ya yi kyau ƙwarai, abokan aiki sun ji daɗi, har sun amince a yi wani sabon bincike. Wannan karon suna so su gano dalilin da ya sa wasu matan karkara suke ƙin yarda a duba su. Za a bi waɗanda suka ƙi ɗaya bayan ɗaya a ji ta bakinsu, kuma ni suke so in sake taimakawa. Ya ce ya tuna akwai wata dattijuwa mai kumburin ciki da ta fita ana tsakar aiki, kamar ma 'yar'uwata ce, da ita yake so a fara.

Na ce masa mahaifiyata ce, kuma ta rasu.

Ya cire hula, ya yi mata addu'a, ya ce Allah ya ba mu haƙuri. Ya juya hular a hannunsa. Sannan ya ce, tun da ni ce 'yarta, ko zan iya amsawa a madadinta, in faɗa musu abin da nake ganin ya hana ta.

Yara sun cika taga suna kallonmu, don haka ban ɗaga murya ba. Na ce masa ni ce dalilin, kuma na gaya masa tun tana da rai.